Neman Harafi ko Neman Ma'ana: Muhawara a kan git grep

A wurin aikinmu akwai gardamar da ba ta mutuwa. Takan lafa na mako biyu ko uku, sai wani abu ya hura ta, kamar garwashin da toka ta rufe. Ranar da na fi tunawa, wata mata ce mai amfani da manhajarmu ta turo hoton allon wayarta, da saƙon kuskure gajere: an kasa tabbatar da asusu. Babu wanda ya tuna inda aka rubuta wannan jimla a cikin dubban fayilolin da muka tara shekara da shekaru. Babbanmu a aikin, wanda ya fara taɓa kwamfuta tun zamanin faifan fulofi, ya buɗe baƙin allo ya buga layi ɗaya:

git grep -n "kasa tabbatar da asusu"

Kafin manhajar rubutu ta ƙaramin cikinmu ta gama buɗewa, sunan fayil da lambar layi sun fito. Dattijon ya juyo ya ce, "Ƙanena, ka gani ko?" Shi kuwa bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya ce, "Malam, kun samo inda aka rubuta jimlar. To yanzu ku faɗa mini su wa ke kiran wannan fankishin ɗin, daga ina, kuma me suke miƙa masa." Nan aka tsaya. Kowannensu ya faɗi gaskiya, kuma gaskiyar ɗaya ba ta rushe ta ɗayan ba. Ni da ke zaune tsakaninsu na daɗe ina juya maganar, domin ta shafi yadda mai rubuta manhaja ke sanin abin da ke hannunsa kafin ya taɓa shi.

Grep ya girmi yawancin masu amfani da shi a yau. Ken Thompson ne ya rubuta shi a ɗakin bincike na Bell Labs a Amurka, ya shiga cikin Unix a 1973. Sunan nasa umarni ne na tsohuwar manhajar gyaran rubutu mai suna ed, wato g/re/p, ma'anarsa: bi dukkan layuka, duk wanda ya dace da siffar da na ba ka, fito mini da shi. Brian Kernighan yakan ba da labarin cewa abokin aikinsu Lee McMahon ne ke son tantance salon marubutan wasu tsofaffin maƙalun siyasar Amurka, ed kuwa ya kasa ɗaukar rubutu mai yawa haka, sai Thompson ya zare sashen nema daga cikinsa ya mai da shi kayan aiki mai zaman kansa. Ita kuwa siffar neman, wadda 'yan sana'a ke kira rejeks, tushenta aikin masanin lissafi Stephen Kleene ne a shekarun 1950. Git ya zo daga baya sosai. Linus Torvalds ya fara shi a Afrilun 2005, bayan an janye wa masu gina Linux damar amfani da BitKeeper kyauta, Junio Hamano kuma ya karɓi ragamarsa a cikin wannan shekarar. Git rumbu ne da ke adana kowane sauyi da aka yi wa fayilolin manhaja, da sunan wanda ya yi, da lokacin. Git grep shi ne auren waɗannan biyun: neman Thompson a cikin rumbun Torvalds.

Hujjar farko ta masu baƙin allo ita ce abin ba ya neman komai daga gare ka. Duk inda Git yake, yana nan. Ba ya buƙatar intanet, ba ya gina fihirisa, ba ya cinye ƙwaƙwalwar kwamfuta. Wanda ya taɓa aiki da tsohuwar laftof mai gigabait huɗu, batir na kukan ƙarewa, an ɗauke wuta, data kuma ta kusa ƙarewa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Manyan manhajojin rubutu kan ɗauki mintuna suna karanta aikin gaba ɗaya kafin su iya amsa tambaya ɗaya, fankar kwamfuta na gurnani. Haka nan idan ka shiga wata sabar mai nisa ta hanyar SSH da tsakar dare domin wani abu ya lalace, babu linzami, babu maɓallin dannawa, daga kai sai layin umarni. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji su. Wanda bai saba da nema a baƙin allo ba tun da rana, daren nan zai yi masa tsawo.

Ta biyu ita ce ta bambanta shi da grep na asali. Idan ka saki grep a kan folda gaba ɗaya, zai shiga ko'ina: cikin foldar .git kanta, cikin node_modules mai dubban fayilolin wasu mutane, cikin abin da na'ura ta haɗa daga baya. Git grep kuwa fayilolin da aka yi wa rajista a rumbu kawai yake dubawa, wato abin da ku da kanku kuka ce naku ne. Wannan kaɗai yakan mai da sakamako dubu biyar ya koma talatin. Kana kuma iya ƙara matsewa: ka ce fayilolin Python kaɗai, ko ka ce ban da foldar gwaje-gwaje. Da -w ba zai kawo maka kalmar da ke cikin wata kalma ba. Da -p zai nuna maka sunan fankishin ɗin da layin yake ciki, da -W kuma ya baje maka fankishin ɗin ɗungurungum. Da --and da --not kana iya cewa layin da ke da wannan da wancan amma babu na ukun. Mutane da yawa da ke raina shi ba su taɓa wuce umarnin farko ba.

Hujjar da na fi ganin nauyinta a wannan ɓangaren ita ce rashin wariyarsa. Manhaja ba yare ɗaya ba ce. Sunan da ka ba wani ginshiƙi a ma'ajiyar bayanai zai bayyana a cikin Java, ya bayyana a cikin jimlar SQL da aka rubuta a matsayin zallan rubutu, ya bayyana a fayil ɗin saiti, da rubutun da ke tura manhaja zuwa sabar, da takardar bayani da sabon ma'aikaci zai karanta. Manhajar rubutu mai fahimtar Java za ta sauya maka sunan a duk inda Java ta san shi, ta ba ka tabbacin an gama, ta bar sauran wuraren huɗu yadda suke. Git grep bai san Java ba, bai san SQL ba, saboda haka bai fifita kowa ba. Harafi harafi ne a wurinsa, ko a ina yake kwance.

Sai kuma tarihi, wanda a nan babu mai ja da shi. Kana iya rubuta sunan wani reshe ko alamar wani tsohon fitarwa bayan abin da kake nema, git grep ya shiga rumbu ya karanta fayilolin yadda suke a wancan lokacin, ba tare da ka taɓa abin da ke gabanka ba. Shin wannan saitin yana nan a fitarwar bara da abokan cinikinmu ke amfani da ita har yanzu? Layi ɗaya ya ba ka amsa. Ɗan'uwansa git log -S kuma shi ke gaya maka ranar da wata kalma ta shigo da ranar da ta fita, da hannun wanda ya yi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka zo maganar sirri. Wani ya manta ya ajiye kalmar sirrin ma'ajiyar bayanai a cikin fayil, washegari ya goge ta ya sake ajiya, hankalinsa ya kwanta. Duba fayilolin yau ba zai nuna komai ba. Amma tana nan daram a tarihi, duk wanda ya kwafi rumbun ya kwafe ta. Neman da ya san tarihi ne kaɗai zai tono ta, kuma maganinta sauya kalmar sirrin, ba goge layin ba.

Akwai kuma al'adar da ta ginu a kan wannan. Linux na da sama da layi miliyan 30, dubban mutane daga ƙasashe daban-daban ke sa hannu, kuma ƙa'idar rubutunsu ta hana a karya saƙon da mai amfani zai gani zuwa layi biyu, ko da ya yi tsawo, don kada a hana mutum samo shi da grep. Wato sun lanƙwasa ƙa'idar tsawon layi saboda mai nema. Ga Malam wannan ya isa hujja: ɗaya daga cikin ayyukan da suka fi girma a fili ya amince da neman harafi har ya tsara rubutunsa dominsa. Yakan ƙara da cewa umarni abu ne da ake iya kwafa. Idan ka ce ka duba ba wanda ke amfani da wani suna, ka liƙa layin da ka buga, kowa ya maimaita ya gani da idonsa. Gani ya kori ji. Danna linzami ba ya barin sawu.

To, ga ɗaya ɓangaren, kuma ba na wasa ba ne.

Abin da ƙaramin namu ya fara kafawa shi ne cewa mai gyara manhaja ba harafi yake nema ba, dangantaka yake nema. Nemi kalmar open ko id ko save a aiki mai girma ka ga ruwan layuka: wani na wannan aji ne, wani na wancan, wani a cikin sharhi, wani a cikin gwaji, wani suna ne kawai ya zo ɗaya. Git grep ba zai iya gaya maka wanne ne naka ba, domin bai san cewa Musa na gidan gabas daban yake da Musa na gidan yamma ba. Sai ka zauna kana tsincewa da ido, ido kuwa yana gajiya, kuma a layi na ɗari biyu ne yakan tsallake wanda ya fi haɗari. Kayan aikin da ke karanta manhaja kamar yadda kwamfaila ke karantawa sun san wane suna ne ke nufin wane abu. Wannan ba sabon tunani ba ne: ctags da cscope sun daɗe a duniyar Unix suna ƙoƙarin haka. Abin da ya sauya shi ne tun da Microsoft ta fito da ƙa'idar sabar yare a 2016, kusan kowace manhajar rubutu, har da Vim da Emacs na 'yan baƙin allon kansu, na iya tambayar ina aka ayyana wannan, su wa ke kiransa, kuma ta sami amsa daidai.

Yawan sakamako matsala ce, amma ana ganinta. Wadda ba a gani ita ce shiru. A nan zan faɗi abin da ya same ni. Na taɓa son cire wani tsohon suna daga fayil ɗin saiti, kudin_aikawa. Na nema, wuri ɗaya ya fito, shi ne fayil ɗin saitin kansa. Na goge, gwaje-gwaje suka wuce, aka tura. Da yamma masu aika kuɗi suka fara kira, manhaja na tsayawa a tsakiyar ciniki. Ashe a can wani lungu an rubuta guntun farko "kudin_" a matsayin rubutu, ana liƙa masa nau'in ciniki lokacin da manhajar ke gudu: aikawa, cirewa, ajiya. Cikakken sunan bai taɓa zama a layi ɗaya ba in ban da inda na goge. Git grep bai yi mini ƙarya ba. Na tambaye shi ina aka rubuta waɗannan haruffa a jere, ya amsa daidai. Ni ne na ji amsar wata tambaya daban, wato wa ke amfani da wannan. Mutane sun kwana da kuɗinsu a maƙale saboda tazarar da ke tsakanin tambayoyin nan biyu, kuma har yau abin na damuna.

Hanyoyin da shiru ke yaudara suna da yawa. Git grep layi-layi yake dubawa, don haka kiran da aka raba gida biyu a layuka biyu zai wuce ta gabansa. Sunan da aka shigo da shi da laƙabi daban ba zai fito ba. Idan kana tsaye a cikin wata ƙaramar folda, daga nan zuwa ƙasa kawai zai duba. Sabon fayil ɗin da ba ka yi wa rajista ba bai san da shi ba sai ka ce --untracked, ƙananan rumbunan da aka jingina a cikin naka kuma sai ka ce --recurse-submodules. Har yaren rejeks ɗin kansa tarko ne: in ba ka sa -E ko -P ba, sandar nan da ake nufin "ko" da ita ana ɗaukarta a matsayin harafi kawai, sai ka nemi abu biyu ka sami babu, alhali duka biyun suna nan. A duk waɗannan, allon ba ya cewa ka yi kuskure. Komawa yake yi ya jira umarni na gaba, daidai yadda yake yi idan da gaske babu.

Disambar 2021 ta koya wa duniya wannan darasi da zafi. Aka gano wata ɓaraka a Log4j, ɗakin karatun Java da ake rubuta rahoton abin da manhaja ke yi da shi, ɓarakar da ke ba maharin nesa damar gudanar da umarninsa a sabar mutane. Ko'ina aka shiga neman kalmar log4j a cikin rumbuna. Waɗanda ba su samu ba, wasu suka numfasa. Amma yawancin masu ɗauke da shi ba su taɓa rubuta sunansa ba: wani ɗakin karatu ne ya janyo wani, shi kuma ya janyo Log4j, Maven ya sauko da su duka a lokacin haɗawa, suka kwanta a cikin fayilolin jar da aka matse, wani lokaci jar a cikin jar. Ba sa cikin Git ko kaɗan. Abin da ya fi haɗari a gidan yana wajen katangar da git grep ke gadi.

Wani misalin ya nuna iyakar ta wata fuska. A Fabrairun 2014 aka gano cewa a cikin manhajar tsaron Apple an maimaita layin goto fail sau biyu a jere, na biyun ya sa ana tsallake tantance sa hannun sabar. Da ka nemi goto fail da grep, da ka sami jerin layuka masu kama da juna, babu wanda ya fi wani alamar laifi. Laifin ba a harafi yake ba, a wurin zaman layin yake. Irin wannan sai kayan aikin da ke ganin ginin manhaja. Kuma a nan ƙaramin namu yakan juya wa Malam hujjarsa ta Linux: ai su ma mutanen Linux ba su tsaya a grep ba. Suna amfani da Coccinelle, wanda Julia Lawall da abokan aikinta suka gina, inda ake bayyana siffar gini, kamar duk inda aka karɓi ƙwaƙwalwa ba a duba ko an samu ba, a nemo a gyara a fayiloli ɗaruruwa a lokaci guda. CodeQL, wanda ya shigo hannun GitHub da sayen kamfanin Semmle a 2019, bin sawun bayani yake yi daga inda ya shigo har inda ya faɗa. Rejeks ba zai iya wannan ba komai gwanintar mai rubuta shi.

Batun girma ba sai na daɗe a kansa ba. Git grep rumbu ɗaya yake dubawa, yana karanta komai daga farko duk lokacin da ka tambaya. Kamfanin da ke da rumbuna ɗari uku dole ya nemi fihirisa, kamar yadda Google ta gina nata neman a kan fihirisa a 2006, GitHub kuma ta sake gina nata daga tushe ta fitar a 2023. Gaskiya ne. Amma kaɗan ne daga cikinmu ke da wannan matsalar.

Akwai wata da ta shafe mu kai tsaye, mu masu sa Hausa a cikin manhaja, kuma ban cika jin ana maganarta ba. Fayilolin fassara ma a rumbu suke. Wani mai fassara ya rubuta ƙasa da ƙugiya, wani ya rubuta kasa domin madanninsa ba shi da ita, wani tsohon fayil kuma yana da k'asa. A wurin mai karatu kalma ɗaya ce da ya gane daga mahallinta. A wurin kwamfuta abu uku ne da ba su san juna ba. Mu a Nijeriya muna rubuta 'ya'ya da waƙafin sama, 'yan'uwanmu na Nijar suna rubuta ƴaƴa. Shi kansa waƙafin saman iri-iri ne: miƙaƙƙe na madanni, lanƙwasasshe da manhajar ofis ke sauyawa da kanta, da wani na uku da Unicode ta ware a matsayin harafi. A ido kusan ɗaya suke. Ka nemi ma'aikaci da miƙaƙƙe, duk waɗanda aka rubuta da lanƙwasasshe su ɓuya. Ko -i, da ke cewa kada a bambanta babban baƙi da ƙarami, daidaita Ƙ da ƙ ya dogara ne da saitin yaren kwamfutar. A sabar da aka bari a tsohon saiti na haruffan Ingilishi kaɗai, ba zai haɗa su ba. Sai dai a lura, wannan hujja ba ta kowane ɓangare ba ce. Manhajar rubutu mai fahimtar ma'ana ba ta fahimci Hausa ba. Ita ma a nan harafi take nema. Kuma da rejeks ɗin ne muke kama cutar, ta hanyar rubuta [kƙ]asa, ko neman kowane irin waƙafi mu ƙirga su.

Wannan ya kawo ni inda na fara rabuwa da ƙaramin namu. Da na koma na gwada kuskurena na kudin_aikawa a manhajarsa, na tambaye ta su wa ke amfani da wannan suna, ita ma babu ta ce. Sunan da ake haɗawa lokacin gudu ba ya cikin abin da take iya gani, musamman a yaruka irin Python da JavaScript inda ake yawan yin haka. Log4j ma ba maɓallin "nuna masu kira" ne ya tono shi ba, sai da aka jera bishiyar abin da manhaja ta dogara da shi, aka buɗe fayilolin jar ɗaya bayan ɗaya. Wato duka biyun suna da makanta. Bambancin shi ne makantar git grep ana iya faɗarta a jimla ɗaya: haruffan da na buga, a layi ɗaya, a fayilolin da ke rumbu. Wanda ya riƙe wannan jimla ya san daidai abin da bai duba ba. Makantar kayan aiki mai wayo kuwa ta dogara da abubuwan da ba ka gani: ko fihirisarsa ta tsufa, ko ya fahimci saitin aikin, ko ya san wannan salon rubutu. Yana kuma amsawa da fuskar wanda ya sani. Ni na fi tsoron wannan, domin ya fi sa mutum ya daina tambaya.

Amma ba zan bi Malam har ƙarshen hanyarsa ba. Na gan shi yana sauya sunan wani fankishin a fayil arba'in ta hanyar tura sakamakon git grep cikin sed, ya sauya har da wani suna makamancinsa da ba shi da alaƙa. A yare mai tsauraran nau'o'i kamar Java ko Go ko Rust, ƙin amfani da kayan da ya san ma'ana ba ƙwarewa ba ce, taurin kai ne da wasu za su biya kuɗinsa. Saurin da yake alfahari da shi ma ba nasa ba ne shi kaɗai. Andy Lester ya fito da ack a 2005, Geoff Greer ya biyo da ag, Andrew Gallant kuma ya saki ripgrep a 2016, rubutacce da Rust, yana mutunta .gitignore, yana iya nema ya ƙetare layi, kuma shi ne ke aiki a bayan akwatin nema na VS Code, manhajar rubutun da ƙaramin namu ke amfani da ita. Ƙaramin namu bai san cewa duk lokacin da ya nemi kalma a fayiloli gaba ɗaya, jikan grep ne ke yi masa aikin ba. Sai dai ripgrep yana tsallake ɓoyayyun fayiloli masu farawa da ɗigo in ba ka ce ya duba ba, don haka foldar .github ba za ta fito ba, alhali git grep zai kawo ta muddin tana rumbu. Kuma bai san jiya ba, fayilolin yau kawai yake gani. Kowane da inda mayafinsa ya gaza.

Abin da na tsaya a kai shi ne rabon aiki bisa irin tambayar. In tambayar ita ce ina aka rubuta wannan, ko yaushe ya shigo, git grep da git log. In tambayar ita ce wa ke kiran wannan, sabar yare tukuna, sannan git grep ya bi baya ya share wuraren da ba yaren ba ne. In kuwa zan goge abu, ba na karɓar shiru daga kowannensu sai na gwada shi. Nakan fara neman abin da na tabbata yana nan, in ga ya fito, don in san rejeks ɗina na aiki kuma ina tsaye a saman rumbun. Sannan in nemi rabin sunan, gaba daban, baya daban. Da na yi haka a wancan karon, da neman "kudin_" kaɗai ya ajiye ni a kan layin cikin daƙiƙa ɗaya. A ƙarshe nakan liƙa umarnin da na buga a cikin bayanin ajiyar, domin mai duba aikina ya ga abin da na nema da abin da ban nema ba.

Bayan wancan hatsarin na kawo shawara a wurin aiki cewa a daina haɗa sunayen saiti daga guntaye, a rubuta kowanne cikakke ko da layuka sun ƙaru, kuma a zaɓi waƙafi iri ɗaya a duk fayilolin Hausa. Malam ya amince nan take. Ƙaramin namu ya amince da ta biyun, ya tsaya a kan ta farkon. Ya ce, "Yaya, yanzu rubutunmu za mu lanƙwasa saboda kayan aikin 1973?" Na ce masa ba saboda kayan aikin ba ne, saboda mutumin da zai zo bayanmu ne da hoton allo a hannu da kalma uku, ba shi da wanda zai tambaya. Ya ce to idan nau'o'in ciniki suka kai hamsin fa, layi hamsin za mu rubuta, mu riƙa mantawa da ɗaya duk lokacin da aka ƙara sabo? Wannan ban ba shi amsar da ta gamsar da shi ba. Mun gyara na kuɗi gaba ɗaya, cikakken suna a kowane layi. Na saƙonnin sanarwa, inda nau'o'in suka fi yawa, har yanzu a haɗe suke daga guntaye, sai dai ya rubuta sharhi a samansu da ya jera cikakkun sunayen ɗaya bayan ɗaya, yadda nema zai kama su.